Surukuta da Nasaba: Yadda Aure Ke Haɗa Mutum da Mashahurai, Misali daga Tit da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a ambaci wani babban sarki, ko malami, ko attajiri a taron Hausawa ba a sami wanda zai ce, "Ai muna da dangantaka da shi" ba. Idan aka tambaye shi, "Yaya kuke?" sai ya shiga jera sunaye, har a gano cewa abin da ya haɗa su aure ne: wata gwaggonsa ta auri ƙanen wani wanda shi kuma ya auri 'yar gidan mashahurin. Wasu kan yi dariya, wasu kan gaskata, amma ba safai ake tsayawa a auna maganar ba.

Manufar wannan takarda ita ce auna irin wannan magana. Za a fara da kalmomin da Hausa ke amfani da su wajen bambanta dangantakar jini da ta aure, da yadda ake jera su cikin jimla. Daga nan za a duba misali daga Tit da kewayenta a kudancin Aljeriya, inda aure guda ya mayar da sarauta daga wani gida zuwa wani, a kwatanta shi da misalai daga Sakkwato da Kano. A ƙarshe za a yi ɗan lissafi don a ga yawan yiwuwar irin wannan dangantaka, da abin da take ba mutum, da abin da ba ta ba shi. Batun yana da muhimmanci ga ɗalibi, domin wanda ya fita bincike yana tattara tarihin baka zai yi ta cin karo da da'awar dangantaka, kuma idan bai iya warware ta ba zai rubuta suruki a matsayin jika.

2.0 Kalmomin Dangantaka a Hausa

Kalmar "dangantaka" faffaɗa ce. Ta fito daga tushe ɗaya da "dangi" da "danganta", kuma tana ɗaukar kowace irin alaƙa. A ƙarƙashinta akwai manyan rassa biyu.

2.1 Dangantakar Jini

Wannan ita ake kira nasaba, kalmar da aka aro daga Larabci. Ana kuma cewa tsatso, ko zuri'a, ko salsala idan ana nufin jerin iyaye da kakanni. Kalmominta sun haɗa da uwa, uba, wa, ya, ƙane, ƙanwa, kaka, jika da tattaɓa-kunne. Ɗan'uwan uba shi ne baffa, 'yar'uwar uba gwaggo, ɗan'uwan uwa kawu, 'yar'uwar uwa kuma inna. Baffa da kawu da gwaggo duk suna da takwarori a Fulatanci. 'Ya'yan mace da na ɗan'uwanta namiji su ne taubasai, wato abokan wasa. Aikatau da aka fi amfani da shi a nan shi ne "haɗa": "sun haɗa uwa", "sun haɗa uba", "mun haɗa kaka".

2.2 Dangantakar Aure

Wannan ita ce surukuta, auratayya kuwa ita ce ƙulla aure tsakanin gidaje ko al'ummu. Abin lura ga ɗalibi shi ne kalmar "suruki" tana aiki sama da ƙasa. Uban matar mutum surukinsa ne, shi ma mijin 'yar surukin uban ne. Haka "suruka" take nufin uwar miji, ko uwar mata, ko matar ɗa. Jam'i shi ne surukai, a wasu kare-karen harshe kuma ana cewa siriki da sirika. Akwai wasu kalmomi ƙalilan na musamman: kishiya, wato matar da aka haɗa miji da ita, faccala, matar ɗan'uwan miji, da agola, ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji.

Bayan waɗannan, sauran duk sai an harhaɗa kalmomi: wan miji, ƙanen miji, ƙanwar mata, mijin ya, matar kawu. Al'ada ta raba su gida biyu. Surukai da wan miji ana jin kunyarsu, ba a kiran sunansu kai tsaye, da yawa ma ba sa iya cin abinci a gabansu. Ƙanen miji da ƙanwar mata kuwa wasa ake yi da su. Wannan ya nuna cewa harshen ya tanadi suna da ladabi ga surukan kusa kaɗai. Da zarar an wuce su, sai sarƙar kalmomi.

2.3 Yadda Ake Warware Sarƙar

A ɗauki wannan jimla:

Sarki ƙanen mijin yayar matar kawuna ne.

Abin da ya ɗaure kalmomin shi ne mahaɗi, wato -n bayan suna namiji, da -r bayan suna mace mai ƙarewa da -a. Saboda haka aka sami ƙane-n, miji-n, yaya-r, mata-r. Kalmar "yaya" tana iya zama namiji ko mace, mahaɗin ne ke fayyacewa: "yayan matata" namiji ne, "yayar matata" mace ce.

A Hausa wanda ake magana a kansa shi ke zuwa farko, mai magana ya zo ƙarshe. Don haka hanya mafi sauƙi ita ce a karanta sarƙar daga baya:

(a) kawuna: jini
(b) matar kawuna: aure
(c) yayar matar: jini, amma na wani gida
(d) mijin yayar: aure
(e) ƙanen mijin: jini, na gida na uku

Ke nan gaɓoɓi biyar ne, biyu daga cikinsu aure. Ƙa'idar da ɗalibi zai riƙe ita ce: duk inda "miji" ko "mata" ta fito a cikin sarƙa, jini ya yanke a nan, an tsallaka wani gida. Mai wannan jimla bai yi ƙarya ba, sai dai shi da sarkin ba su haɗa kaka ko ɗaya da jimlar ta nuna ba.

3.0 Misali daga Tit

3.1 Wurin da Mutanensa

Tit ƙaramin gari ne a kan babbar hanyar da ta taso daga In Salah zuwa Tamanrasset, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Tamanrasset, a ƙasar duwatsun Ahaggar. A harshen Tamahak kalmar "tit" na nufin ido, kuma kamar yadda Bahaushe ke cewa "idon ruwa", su ma suna kiran maɓuɓɓuga da wannan suna. Hanyar ta zarce kudu ta In Gezzam da Assamaka da Arlit har Agadas, shi ya sa ake jin Hausa a kasuwannin Tamanrasset a bakin 'yan kasuwa da masu neman aiki daga Nijar da Nijeriya. Cuɗanyar tsohuwa ce, kuma ta bar alama a harshe: takobi da amawali suna cikin kalmomin da Hausa ta samo daga harshen waɗannan mutane.

Hausawa kan kira su Buzaye ko Abzinawa, su kuwa na wannan yanki suna kiran kansu Kel Ahaggar, wato mutanen Ahaggar. Babban sarkinsu shi ne amenokal, alamar mulkinsa kuma wata babbar ganga ce da suke kira "ettebel", kamar yadda tambari yake a fadar sarakunan Hausa. Kalmar tana nufin gangar, tana nufin ikon sarauta, tana kuma nufin dukkan ƙabilun da ke ƙarƙashin ikon.

Tit ta shiga tarihi ranar 7 ga Mayu, 1902, lokacin da wata ƙaramar rundunar Faransa ƙarƙashin Laftana Cottenest, wadda mafi yawan mayaƙanta Larabawan Sahara ne a kan raƙuma, ta gwabza da Kel Ahaggar. Bindigogi suka rinjayi takubba da masu, aka kashe mutane da yawa, musamman daga ƙabilar Dag Ghali. Wannan yaƙi ne ya karya ƙarfin Kel Ahaggar. Amma tun kafin ranar gidan sarautarsu a rabe yake, kuma dalilin rabuwar yana cikin lissafin dangantaka.

3.2 Tin Hinan da Kella

Kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasset akwai garin Abalessa, inda wani tsohon gini na duwatsu yake a kan tudu. Tarihin baka ya ce nan ne kabarin Tin Hinan, wata mace mai daraja da ta taso daga Tafilalt ta ƙasar Maroko tare da baiwarta Takamat. An ce daga Tin Hinan gidan sarauta na Kel Ghela ya fito, daga Takamat kuma ƙabilu masu biyan haraji, irin su Dag Ghali.

A 1925 wata tawaga da ta haɗa da Byron Khun de Prorok da Maurice Reygasse ta buɗe kabarin. Aka sami ƙasusuwa da mundaye na zinariya da azurfa, da wasu kayayyaki masu alaƙa da daular Rum. An kai su gidan tarihi na Bardo a birnin Aljas. Bincike ya nuna cewa kabarin na wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 ne na Miladiyya.

A nan ne darasin yake. Matar da Kel Ghela ke iya jera salsalarsu har zuwa kanta, suna bayan suna, ita ce Kella, wadda ta rayu a ƙarni na 18. Wasu ruwayoyi sun ce Kella 'yar Tin Hinan ce. Tsakanin kabarin Abalessa da zamanin Kella kuwa akwai fiye da shekara 1,000. Wato tarihin baka ya naɗe tsawon zamani kamar tabarma, ya haɗa bakin farko da na ƙarshe, ya zubar da sunayen tsakiya. Irin wannan naɗewa ruwan dare ce a salsalar gidajen sarauta. Kalmar "'ya" a irin wannan wuri tana nufin "daga zuri'ar", kamar yadda Bahaushe ke cewa "'ya'yan Adamu".

3.3 Auren da Ya Mayar da Tambari

Kella ta auri Sidi ag Muhammad al-Khir, amenokal na ƙarni na 18, wanda shi ba Kel Ghela ba ne. A al'adar Kel Ahaggar, ɗa ɗan ƙabilar uwarsa ne, kuma haƙƙin tambari ta wajen uwa yake bi. Mai gadon sarki shi ne ɗan'uwansa da suka haɗa uwa, ko ɗan innarsa, ko ɗan 'yar'uwarsa. Saboda haka 'ya'yan Sidi da Kella, Yunus da Ag Mama, da suka hau sarauta ɗaya bayan ɗaya, a matsayin Kel Ghela suka hau. Daga kansu tambari ya ci gaba da bin 'ya'yan Kella mata da jikokinta mata.

Jerin sunayen waɗanda suka biyo baya yana nuna wannan. A Tamahak "ag" na nufin "ɗan", "ult" kuma "'yar", kuma sunan uba ake sa wa mutum. Ga jerin: Alhaji Ahmad ag Alhaji al-Bakri, Ahitaghel ag Muhammad Biska, Attisi ag Amellal, Musa ag Amastan, Akhamuk ag Ihemma. Babu biyu a cikinsu da suka haɗa uba, babu kuma wanda ya gaji ubansa. Ɗalibin da ya dogara da sunaye kaɗai zai zaci gidaje biyar ne dabam-dabam, alhali layi ɗaya ne, sai dai layin na mata ne, sunayensu kuma ba su fito a jerin ba. Mahaifin Alhaji Ahmad ma daga Ifoghas yake, gidan malamai. Shi surukin gidan sarauta ne kawai, ba shi da haƙƙin komai a tambari, amma ɗan da ya haifa da 'yar gidan ya zama amenokal.

Da Ahitaghel ya rasu a 1900, sai aka sami 'ya'yan 'yan'uwansa mata biyu suna neman sarautar. Muhammad ag Urzig ɗan babbar ya ne, don haka al'ada shi ta ba. Attisi ɗan ƙarama ne, amma ya fi jama'a da ƙarfi. An ruwaito cewa malamin da aka kira ya sasanta ya raba rawani biyu ya ɗora wa kowa rabi. A wannan hali na rabuwar kai yaƙin Tit ya same su. Bayan yaƙin, Musa ag Amastan, wanda shi ma yana da haƙƙi ta wajen uwa, ya je In Salah a 1904 ya yi sulhu da Faransawa, aka tabbatar masa da sarauta a 1905. Ya riƙe ta har rasuwarsa a 1920, sannan Akhamuk ag Ihemma, ɗan'uwan shahararriyar mawaƙiya Dasin ult Ihemma, ya gaje shi.

Wani abin da ya haɗa al'adun biyu shi ne kunyar surukai. Namijin Kel Ahaggar kan ɗaga amawalinsa ya rufe baki da hanci idan surukinsa ko surukarsa ta iso, ya kuma kauce wa cin abinci a gabansu, kamar dai yadda Bahaushe ke sunkuyar da kai.

4.0 Misalai daga Ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa ta wajen uba ake lissafin gado da sarauta. Duk da haka aure ya sha ɗaga gidaje. Tun a labarin asalin Hausa Bakwai, Bayajida baƙo ne, kuma aurensa da sarauniyar Daura ne ya shigar da shi gidan mulki. Misalai biyu daga ƙarni na 19 sun fi wannan tabbas.

4.1 Gidan Waziri a Sakkwato

Giɗaɗo ɗan Laima amini ne ga Muhammadu Bello, ya kuma auri Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin Bello, shi ne kuma ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Clapperton a 1824. A harshen wannan takarda, Giɗaɗo surukin Shehu ne, mijin ƙanwar Bello. Ɗansu Abdulƙadir, wanda shi ma ya zama Waziri, jikan Shehu ne ta wajen uwa. Wazirci ya zauna a wannan gida na Giɗaɗawa, har ya kai ga Waziri Junaidu, sanannen masanin tarihi da ya rasu a 1997. Amma gidan bai shiga layin masu neman sarautar Sarkin Musulmi ba, domin wannan ta 'ya'ya maza take bi. Da a Ahaggar ne, ta wajen uwa haƙƙin sarauta zai bi, 'ya'yan Bello su koma gefe.

4.2 Sarkin Kano Alu

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya auri Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ta haifa masa ɗa aka sa masa sunan kakansa, Aliyu, wanda aka fi sani da Alu. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello sarautar Kano. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi yarda, suka fice daga birni ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin Basasa. Da Yusufu ya rasu a 1894, Alu aka ba jagoranci duk da akwai waɗanda suka girme shi, kuma masana tarihi suna lissafa jininsa na Sakkwato cikin dalilan zaɓen, domin an yi tsammanin zai fi sauƙin samun amincewa daga can. Ya shiga Kano a 1894, ya yi mulki har zuwan Turawa a 1903.

A lura da matsayin sauran 'ya'yan Abdullahi. Su 'yan uban Alu ne, kuma Saudatu matar ubansu ce. Suna iya cewa suna da dangantaka da gidan Shehu, maganarsu gaskiya ce, amma ta aure ce. Alu kaɗai da waɗanda suka haɗa uwa da shi ke da ta jini. Gida ɗaya, uba ɗaya, dangantaka iri biyu.

Abin da misalan Tit da Sakkwato da Kano suka haɗu a kai shi ne surukutar yau ita ce nasabar gobe, muddin an sami haihuwa. Inda suka rabu shi ne ko al'ada tana ba wannan nasaba haƙƙin sarauta ko ba ta bayarwa.

5.0 Yawan Yiwuwar Dangantakar

Lissafi yana nuna cewa mai da'awar dangantaka ta nesa da wani mashahuri ya fi kusa da gaskiya fiye da yadda ake zato.

A fara da jini. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. A hawa na 10 adadin ya kai 1,024, a na 20 ya kai 1,048,576, a na 30 kuma ya haura biliyan ɗaya. Hawa 30 bai wuce shekara 900 ba, alhali jama'ar duniya duka ba su kai biliyan ɗaya ba sai wajen 1800. Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya yana fitowa sau da yawa a salsalar kowa, saboda auren dangi, na kusa da na nesa. Masanin lissafi Joseph Chang ya nuna a 1999 cewa a al'ummar da ke auratayya da juna, idan aka koma baya sosai, duk wanda zuri'arsa ba ta yanke ba kakan kowa ne. Daga zamanin kabarin Abalessa zuwa yau an yi hawa fiye da 50. Idan har matar da ke ciki ta bar zuri'a mai ɗorewa, to jikokinta sun wuce Kel Ghela nesa ba kusa ba. Abin da ya keɓe Kel Ghela shi ne da'awar layi guda, daga uwa zuwa 'ya ba tare da namiji a tsakani ba.

Ta hanyar aure abin ya fi sauri. A ƙaddara, don misali kawai, mutum yana da dangin jini 50 da ya sani, rabinsu suna da aure, kowane aure kuma ya buɗe ƙofa zuwa wani dangi mai mutum 50. Aure na farko ya kai shi ga 25 sau 50, wato 1,250. Idan aka maimaita, aure na biyu ya kai 31,250, na uku 781,250, na huɗu kuma ya haura miliyan 19. A zahiri adadin ba zai kai haka ba, domin auren zumunta yana mayar da sarƙar cikin gida, mutane ɗaya a yi ta sake ƙirga su. A wani gefen kuma, auren mace fiye da ɗaya da yawan sake aure bayan rabuwa suna ƙara ƙofofi. Gidajen sarauta da na manyan malamai sun fi kowa yawan irin waɗannan ƙofofi, domin suna da 'ya'ya da yawa kuma suna aurar da su gari-gari. A birni kamar Kano ko Katsina, samun sarƙa mai aure uku ko huɗu tsakanin talaka da fada ba abin mamaki ba ne.

Turawa ma suna wannan nema. A 2007 jaridun Amurka sun yi ta yayata cewa Barack Obama da Dick Cheney, abokan hamayyar siyasa, sun haɗa kaka a can baya. Labarin ya ba mutane dariya, bai kuma canza komai tsakaninsu ba.

6.0 Abin da Dangantakar Ke Bayarwa

Tunda samun dangantakar ba wuya, tambayar da ta fi amfani ita ce me take haifarwa.

A shari'ar Musulunci an ambaci nasaba da surukuta a matsayin abubuwa biyu mabambanta. Wajen gado, miji da mata kaɗai ke gado ta dalilin aure. Miji yana samun rabi idan matar ba ta bar ɗa ko 'ya ba, ko rubu'i idan ta bari. Mata tana samun rubu'i ko sumuni a kan wannan sharaɗi. Suruki da suruka da ƙanen miji ba su da kaso ta wannan hanya. Wajen haramcin aure, surukuta tana hana mutum auren uwar matarsa, da matar ubansa, da matar ɗansa, da 'yar matar da ya tare da ita, tana kuma hana haɗa ya da ƙanwa a lokaci guda. Duk waɗannan a gaɓar farko suke. Wanda ke gaɓa ta uku ko ta huɗu, kamar mai jimlar da aka warware a sama, shari'a ba ta ɗora masa wani hukunci na musamman ba.

Tarihin Musulunci ya ba da misali bayyananne. Halifofi huɗu na farko duk surukan Annabi (SAW) ne: Abubakar da Umar iyayen matansa A'isha da Hafsa, Usmanu da Aliyu mazan 'ya'yansa. Amma zuri'ar Annabi da sharifai ke danganta kansu da ita ta Hasan da Husaini ce, 'ya'yan Faɗima. Sauran 'ya'yan Aliyu da wasu mata suka haifa ba su shiga wannan layi ba.

A zaman yau da kullum kuwa, surukuta ta nesa tana da ɗan amfani. Tana iya sa a buɗe wa baƙo zaure, a ba shi masauki, ko a saurari ƙorafinsa. Fatake sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da yawansu kan yi aure a garuruwan da suke sauka. Amma ƙarfinta ya dogara da ziyara da gaisuwa da halartar biki da ta'aziyya, abin da Hausawa suka taƙaita da cewa zumunta a ƙafa take. Tana kuma da rauni guda: saki ɗaya a tsakiyar sarƙa, idan babu haihuwa, yana iya tsinke ta gaba ɗaya. Akwai kuma masu fakewa da ita don neman aure, ko bashi, ko muƙami, saboda sun san da wuya a bincika.

Ga mai bincike, tambayoyi biyar sun isa su tantance kowace da'awa. Na farko, a nemi mai magana ya jera sarƙar gaɓa-gaɓa da sunaye. Na biyu, a ƙirga inda "miji" ko "mata" ta fito. Na uku, a tambayi ko an haihu a auren, kuma mai magana daga wannan ɗakin ya fito ko daga ɗakin kishiya. Na huɗu, a gwada yawan sunaye da yawan shekaru: idan sunaye biyar ne suka cike shekara 500, to an naɗe tabarma, kamar yadda aka gani tsakanin Kella da Tin Hinan. Na biyar, a ji ta bakin ɗaya gidan, a ga ko su ma sun san da dangantakar. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe irin wannan ilimi, domin su ke bin aure da suna da goyo.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa Hausa ta bambanta nasaba da surukuta, ta ba surukan kusa sunaye da ladabi, ta bar na nesa ga sarƙar mahaɗi -n da -r. Misalin Kel Ahaggar ya nuna al'ummar da aure ke iya mayar da sarauta zuwa gidan mace, misalan Sakkwato da Kano kuma sun nuna al'ummar da aure ke ƙara daraja da goyon baya, amma sarauta ta tsaya a layin uba. Lissafi ya tabbatar da cewa dangantaka ta nesa da mashahuri abu ne mai sauƙin samuwa. Aikin ɗalibi shi ne ya gano irinta, da yawan gaɓoɓinta, da matsayinta a al'adar mutanen da yake nazari.

Tambayoyi don Nazari

1. Warware wannan jimla gaɓa-gaɓa, ka nuna inda jini ya yanke: "Alƙali wan matar ƙanen mijin gwaggona ne."
2. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin "yayan mijinta" da "yayar mijinta".
3. Mece ce dangantakar Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Ba da kalmar Hausa da kowannensu zai kira ɗayan da ita.
4. Da a ce Kano na bin tsarin gadon Kel Ahaggar, su wa za su gaji sarki idan ya rasu?
5. Zaɓi wani sananne a garinku, ka tambayi dattijuwa ɗaya a gidanku ko akwai auratayya tsakaninku da gidansa, ka rubuta sarƙar cikin jimla guda.